Fanka mai ruwa: abin da na koya kafin na dace da wadda ta sanyaya ɗakin Hajiya

Azumin shekarar 2024 ya faɗo ne a tsakiyar bazara, daga 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu, kuma duk wanda ya yi shi a Katsina ba zai manta da dararen wannan watan ba, domin bangon ɗaki yakan kwana yana amayar da zafin da ya sha da rana, fankar sama kuwa ba abin da take yi sai juya iska mai ɗumi a kan mutum. A lokacin ne na ƙudura nemo wa mahaifiyata abin da zai sanyaya mata ɗaki, saboda shekarunta sun ja kuma zafi yana hana ta barci har zuwa sahur. Iyakwandishan na fara tunani, amma lissafi ya dakatar da ni. Wanda zai ishi ɗakinta yana jan wuta fiye da wat 1,000, ƙaramin janaretan gidanmu ba zai ɗauke shi ba, kuɗin fetur ya riga ya tashi tun cire tallafi a watan Mayun 2023, sannan a farkon Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wuta na rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit. Shi ya sa hankalina ya koma kan fanka mai ruwa, wadda masu shago suke kira iya-kula.

Wadda na fara saya ba ta yi mana amfani ba, kuma labarinta ne ya sa nake wannan rubutu. Ƙarama ce mai kyawun gani, tankinta lita 8, tana da rimot da fitilu, aka kuma haɗo min da robobi biyu na ƙanƙara. Mai shagon ya ce in zuba ruwan sanyi, in rufe ƙofa da taga kamar yadda ake yi wa iyakwandishan. Haka na yi. Cikin mintuna ashirin na farko Hajiya ta ji daɗi, amma kafin awa guda ɗakin ya yi nauyi, zanin gado ya yi danshi, gumi ya ƙi bushewa a jiki, har ta ce min, "Kashe abin nan ka buɗe min taga, gara zafin da na saba da shi."

Bayan sallah na je Maraɗi gaishe da kawuna, a can na tarar da wata babba an kafa ta a jikin taga, bayanta yana waje, gabanta yana hura iska cikin falo, ƙofar falon kuma a buɗe take. Da rana tsaka ne, amma falon yana da irin sanyin da ake ji a gindin bishiyar kuka bayan yayyafi. Da na ba shi labarin tawa, sai ya ce, "Ɗana, ai ka shaƙe ta ne. Wannan abar iskar waje take ci, kuma dole ka ba ta hanyar fita." A Nijar an daɗe da sanin wannan na'ura, haka ma a Sudan inda gidajen Khartum da yawa suka dogara da ita, amma a wajenmu sabuwar baƙuwa ce, kuma da yawa daga masu sayar da ita ba su san yadda take aiki ba.

Alhali kuwa hikimar da ke cikinta tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta ɗauke shi, kuma duk ruwan da ya ƙafe ya bi iska da zafi yake tafiya. A kan wannan ne Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya gina dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Fanka mai ruwa randa ce da aka sa wa inji: ɗan famfo yana ɗaga ruwa daga tanki ya jiƙa wata takarda mai kauri da aka saƙa kamar gidan zuma, fanka kuma ta zuƙo busasshiyar iska ta ratsa cikinta. Lita ɗaya ta ruwa idan ta ƙafe tana kwashe zafin da ya kai kilojul 2,400 (kilojul ma'auni ne na yawan zafi), yayin da kilo ɗaya na ƙanƙara idan ya narke kilojul 334 kawai yake kwashewa. Wato ƙafewar ruwa ta ninka narkewar ƙanƙara kusan sau bakwai, kuma wannan ya isa ya nuna cewa robobin ƙanƙarar da ake yi wa mutane kwalliya da su a shago ba su ne abin dubawa ba.

Tun da sanyin daga ƙafewar ruwa yake fitowa, tambaya ta farko ba ta na'urar ba ce, ta iskar garin da mutum yake ce. Iskar da ta riga ta ƙoshi da laima ba ta da wurin karɓar wani ruwa. Idan zafi ya kai digiri 40 kuma laimar iska tana wajen kashi 20 cikin 100, kamar yadda ake samu a Katsina da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram a watannin Maris da Afrilu, iyakar sanyin da ƙafewar ruwa za ta iya kaiwa tana wajen digiri 22, na'ura mai kyau kuma takan fitar da iska mai digiri 26 zuwa 28. Saukar digiri goma sha biyu ko fiye ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho ko jariri. Amma a watan Agusta, idan zafi yana digiri 32 laima kuma ta kai kashi 70, da ƙyar za ta rage digiri uku ko huɗu, sannan ta ƙara wa ɗakin danshin da zai hana gumi bushewa. Saboda haka 'yan'uwanmu da ke zaune a Legas ko Fatakwal ko Kumasi, shawarata gare su ita ce kada su saye ta, fanka mai ƙarfi ta fi musu. Mu na arewa ma na'urar wani yanki na shekara ce, daga ƙarshen Fabrairu zuwa saukar ruwan sama, sai kuma ɗan zafin da ake yi da kaka bayan damina ta ɗauke. Akwai ɗan ma'aunin zafi da laima da ake sayarwa da araha a shagunan kayan lantarki, kuma ina ganin ya kamata mutum ya fara sayen shi ya ajiye a ɗaki na mako guda kafin ya kashe kuɗi mai yawa.

Da na koma kasuwa karo na biyu, bayan na'urar na fara juyawa ban kalli gabanta ba. Wannan saƙar zumar ita ce zuciyar aikin, kuma faɗinta da kaurinta su ne suke yanke hukuncin sanyin da za a samu. Ta farkon da na saya tana da saƙa ɗaya siririya a baya, wadda ba ta kai kaurin yatsu biyu ba, iska tana wucewa kafin ta sha ruwa. Wadda ta cancanci kuɗin mutum ita ce mai saƙa a ɓangarori uku, baya da gefe biyu, mai kaurin santimita 5 aƙalla, idan an samu mai santimita 10 kuwa ya fi. Akwai masu amfani da zaren itace mai kama da soso maimakon takardar, sun fi araha kuma suna sanyi da farko, amma zaren yana zubewa ya bar giɓi, sai an riƙa sauya shi kusan kowace shekara. Ya kamata mai saye ya sa a zuba ruwa a kunna a gabansa, ya jira minti biyar, ya shafa saƙar daga sama har ƙasa. Idan akwai wuraren da suka rage a bushe, ta nan iskar zafi za ta riƙa shigowa ɗaki.

Abu na biyu shi ne yawan iskar da take turawa, wanda ake rubutawa a jikin kwali da kubik mita a kowace awa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce iskar ɗaki ta sabunta sau 20 zuwa 30 a awa. Ɗakin Hajiya mita 4 ne tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, wato kubik mita 48, kuma idan aka ninka da 25 za a samu 1,200. Na zaɓi wadda aka rubuta mata 3,000 da gangan, saboda alƙaluman da ke jikin kwali sukan wuce abin da ake samu a zahiri, kuma babbar na'ura da ke juyawa a hankali ta fi ƙarama da ke gudu a ƙarshen ƙarfinta shiru da dare. Ƙarar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a cikin hayaniyar kasuwa ba a jin ta, sai an kai ta ɗakin barci. 'Yan ƙananan nan masu girman rediyo da ake jonawa da wayar caji, waɗanda ake yawan tallata su a Facebook, ba za su sanyaya ɗaki ba ko da wane irin yanayi ne.

Maganar ruwa ce inda mutane da yawa suke mamaki bayan sun kai na'urar gida. Wadda take aiki da gaske tana shan ruwa da gaske, lita 5 zuwa 10 a awa a tsakiyar zafin rana, ta ɗan rage da dare. Wanda ya ce maka tasa tana kwana biyu da lita 8 yana gaya maka ne cewa ba ta sanyaya komai. Tamu tankinta lita 60 ne, kuma a Afrilu jarka biyu ta 'yan garuwa muke ware mata kowace rana. A unguwar da ake wahalar ruwa da bazara, dole a sa wannan cikin lissafi tun farko, domin lokacin da aka fi buƙatar na'urar shi ne lokacin da rijiyoyi suke ja baya kuma kuɗin jarka yake tashi. Gidan da yake da tanki a sama zai iya neman wadda ake jona mata tiyo, mai ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan ta cika. Haka kuma yana da kyau a tambaya ko famfon yana tsayawa da kansa idan ruwa ya ƙare, saboda famfon da ya yi ta juyawa a bushe shi ne abin da yake fara ƙonewa.

Ta fuskar wuta kuwa nan ne ta fi iyakwandishan nesa ba kusa ba. Tamu wat 150 take ja, kamar fankar sama biyu. A awa takwas na dare yunit 1.2 ke nan, abin da batirin sola ɗaya mai amfiya 200 zai iya ɗauka idan ba a haɗa shi da wasu kaya masu nauyi ba, ƙaramin janareta ma yana ɗaukar ta ba tare da ya canza murya ba. Na kuma tabbatar akwai maɓallin kashe famfo daban da na fanka, don idan damina ta zo a ci gaba da amfani da ita a matsayin fanka kawai. Kafin na biya, na sa mai shagon ya nuna min famfo da saƙa na canji a hannu, domin na'urar da ba a samun kayan gyaranta a gari takan zama kayan ajiya bayan shekara biyu.

Yanzu tana zaune ne a gaban tagar gabas ta ɗakin Hajiya, bayanta yana kallon tsakar gida inda akwai inuwar dalbejiya, ƙofar ɗakin kuma ana barin ta a buɗe kamar taki ɗaya da labule don iskar ta samu mafita. Na lura cewa idan aka rage buɗin ƙofar ɗakin yana fara nauyi, idan aka ƙara kuma sanyin yana ragewa kaɗan, saboda haka sai da muka ɗauki kwanaki muna gwadawa kafin muka gane daidai. Rufin ɗakin kwano ne amma akwai silin, kuma ina da yaƙinin cewa da babu shi da rabin sanyin ya tafi a banza, don haka wanda ɗakinsa ba shi da silin gara ya fara da wannan. Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne bushewar maƙogwaro da haɓon da ke damun ƙanena da bazara sun ragu tun da ya koma kwana a kusa da ɗakin.

Duk ranar Asabar nakan zubar da ruwan da ya rage a tanki in wanke shi da buroshi, domin ruwan da ya kwana bakwai yana wari kuma sauro yana iya yin ƙwai a ciki, ruwan burtsatse kuma yana barin farin gishiri a jikin saƙar wanda yake toshe ramukanta. Ƙurar da iska take kwasowa ita ma a nan take maƙalewa, shi ya sa nake cire ragar baya in kakkaɓe ta kowane mako biyu. A bana ruwan farko mai ƙarfi ya sauka mana a watan Yuni, kuma da ma'aunin laimar da ke kan teburin Hajiya ya fara wuce kashi 60 da dare, sai na kashe famfon, na bar fankar ta yi ta hurawa har saƙar ta bushe ƙayau, na juye tankin, na rufe bayanta da tsohon zani zuwa watan Oktoba.