Godiya ga waɗanda suka ɗauki Baba

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba ya dawo gida, an kuma yi sujadar godiya ranar Lahadi, shi ya sa sai yanzu na sami zama in rubuta wannan saƙo a madadin Mama da ƙannena. Kun kasance tare da mu tun farko, don haka ba sai na maimaita labarin hawan jinin da shanyewar ɓarin jikin ba. Har yanzu gajiya ba ta sake mu ba, amma hankali ya kwanta.

A wurin sujadar, Fasto ya karanta Bisharar Markus sura 2, aya 1 zuwa 12, labarin shanyayyen nan na Kafarnahum wanda mutum huɗu suka ɗauko, suka tarar gida ya cika har bakin ƙofa, suka hau sama suka buɗe rufin, suka zura shi a gaban Yesu. Rufin ƙasa ne da itace irin na sorayenmu, buɗe shi kuwa aiki ne na masu ƙarfin hali. Fasto ya daɗe a kan aya ta 5, inda aka ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Markus bai rubuta ko kalma ɗaya da mara lafiyar ya furta ba, kuma bai faɗi sunayen masu ɗaukarsa ba. Baba ya yi shekaru yana wa'azi a kan wannan nassi a ƙauyukan da ke kewaye da garin Marwa a arewacin Kamaru, da Hausa da Fulatanci, amma a ranar Lahadi yana zaune ne a kujerar gaba, hannun dama a kan cinya, hawaye na zuba.

Daren da ya faɗi, ruwan Agusta ya cika kogin Mayo Kaliyawo, unguwarmu ta zama taɓo, babu motar da za ta iya shigowa. Mama ta durƙusa za ta yi addu'a, bakinta ya kasa. A lokacin ne maza huɗu suka ciro ƙyauren ɗakin girki, suka kwantar da Baba a kai, suka ratsa ruwa har gwiwa cikin duhu zuwa bakin kwalta. Uku daga cikinsu matasan ikilisiya ne. Na huɗun maƙwabcinmu ne mai sayar da hatsi, Musulmi, wanda ya fito da tocila tun kafin a kira shi, ya kama gefen kai, yana ta cewa a bi a hankali kada wuyan Malam ya karkace. Na san ba ya son a ambace shi, amma ya yi haƙuri, wannan alheri ya fi ƙarfin a ɓoye.

Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin Meskine, da zumuntar mata da ba su bar mu da yunwa ba ko sau ɗaya, da dattawan ikilisiya da suka haɗa kuɗin magani ba tare da sun bari mun roƙa ba. Ƙungiyar mawaƙa ta zo har bakin gado, kuma a cikin waƙarsu ne Baba ya fara motsa leɓe. 'Yan'uwanmu na Garwa da Njamena da ba mu gani ba, mun san hanya da nisa, mun kuma san damina, ko da yake Baba ya yi ta tambayar ku da ido.

Ubangiji ya sāka wa kowa. Ya tsare ƙafafun da suka shiga ruwa dominmu, ya albarkaci gonakinku da kasuwancinku, ya ba ku masu ɗaukarku a ranar da ƙarfi zai ƙare, ya kuma raya 'ya'yanku cikin tsoronsa. Amin.

Baba bai fara tafiya da kansa ba tukuna, ana ci gaba da gashi da motsa jiki, maganarsa kuma tana dawowa kaɗan kaɗan. Masu son gaishe shi su zo da yamma bayan ya huta, kuma muna roƙo ku ci gaba da tunawa da shi a addu'ar safe.