Warin gam da ƙafafun ƙanena

A da, ƙanena yana haɗa takalma a wani ɗan shago a Mabera, cikin Sakkwato. Ƙofa ɗaya, babu taga, in hunturu ya shigo kuma sai a saki labule saboda ƙura. Da ka leƙa, warin gam ne ke fara amsa maka sallama. Shi kam ya daɗe da daina jin warin.

Bara, sanyi na ƙarewa, ya fara cewa tafin ƙafarsa kamar ya sa safa. Silifas ya riƙa zame masa bai sani ba. Daga baya sa giyar babur ya gagara, sai ya ɗaga cinya gaba ɗaya. Inna ta ce sanyi ne. Kawu ya ce hannu ne aka sa masa, don an ga kasuwa ta buɗe. Likita kuwa tambaya ɗaya ya yi: me kake shaƙa a wurin aiki?

A hanyar gida ya dube ni ya ce, "Yaya, mi ya haɗa hanci da ƙahwa?"

Na ɗan karanta ilimin aikin jiki a Jami'ar Ɗanfodiyo, sai na gwada yi masa bayani. Tsoka ba ta tanƙwashewa don ra'ayin kanta. Saƙo ne ke bin jijiya kamar wuta a waya, jijiya ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin, tsoka ta fito da kalsiyam ɗin da ta adana, sannan zaruruwa biyu, aktin da mayosin, su kama juna su ja kamar masu jan guga. Gam, tina da fetur kuwa narkar da maiko suke yi, shi ya sa masu fenti ke wanke hannu da tina ko fetur. To fatar ƙwayoyin jijiya ma maiko ce.

Ciwon ƙanena laifin hekzen ne, wani sinadari da ke cikin wasu nau'o'in gam. Hanta ke juya shi ya zama guba mai cin jijiya, kuma dogayen jijiyoyi ake fara ci, shi ya sa ƙafa ke riga hannu. Tsokar lafiyarta lau da farko, saƙo ne ba ya isowa, sai ta rame don zaman banza. Wajen 1960 zuwa 1970 an ga irin wannan a Japan, wurin masu manna takalman roba a cikin gidajensu, haka ma a Italiya.

Toluwin, sinadarin da ke cikin sholisho, nasa salon daban. Yana sa ƙoda ta zubar da fotasiyam, sinadarin da tsoka ke buƙata don ta yi aiki, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5 a gwajin jini. In ya faɗi sosai, sai a kwaso yaro mai shaƙar sholisho ranga-ranga, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa. Wannan in an maida masa sinadarin, cikin kwanaki yake miƙewa.

Hekzen ba ya sakin mutum da wuri. Bayan ƙanena ya bar shagon, abin ƙaruwa ma ya yi har kusan wata biyu, Kawu ya samu abin faɗi. Sai da damina ta yi nisa yatsunsa suka fara motsi.

Yanzu a rumfa yake aiki, waje, kwanon gam a rufe sai in zai ɗiba, da buroshi maimakon yatsa. Jiya na ce ya taka da dunduniya daga zaure zuwa bakin rijiya. Taku bakwai ya yi, ya dafa bango.