Ni da Yaya a kan Ilyas

Da safe lafiya lau na tashi, ƙosan Inna ma da zafinsa na samu, wuta ba a ɗauke ba sai bayan azahar. Shago shiru, mutum uku kacal.

Da daddare ne abin ya lalace. Na kunna fim ɗin nan na ƙasar Kazakistan da na sauke tun satin jiya, Zhat, na Yermek Tursunov, 2015 ya fito. Labarin wani yaro ne Ilyas, zamanin da gwamnatin Sobiyet ke tattaro makiyaya ƙarfi da yaji tana zubawa a gonakin haɗaka, aka tafi da babansa, shi kuma ya haye dutse ya tare a kogo yana farauta, ya ƙi saukowa har girmansa. Yaya ya zo ya zauna gefena da gyaɗarsa, ko minti ashirin bai yi ba ya ce wai wannan taurin kai ne kawai, tunda kowa ya bi shi ma ya bi mana, dama yawo da dabbobi ai ba rayuwa ba ce.

Wlh raina ya ɓaci. Na ce Yaya ka san me ya samu waɗanda suka bi ɗin kuwa? Tun 1928 aka fara ƙwace garken masu hali lokacin Goloshchekin, shugaban jam'iyyar kwaminis a Kazakistan, daga baya na talaka ma ba a bari ba, mutanen da nono da nama su ne tuwonsu fa, aka dasa su waje ɗaya babu abin ci. Daga 1930 zuwa 1933 yunwa ta kashe mutum wajen miliyan 1.5, sama da kashi ɗaya cikin uku na 'yan ƙabilar Kazak sun mutu. Wasu da hannunsu suka yanka dabbobin don kar su miƙa, a yankin Sozak na kudancin ƙasar sun yi bore a 1930 aka murƙushe su, wasu suka tsallaka Sin da Mongoliya da 'ya'ya a goye.

Ya bari na gama tsaf sannan ya ce, to shi da ya gudu dutsen, wa ya ceta?

Na buɗe baki na rasa ta cewa. Har yanzu abin na cina, don na san ba ni da laifi amma amsar ta ƙi zuwa. Ya miƙe ya tafi kwanciyarsa, ɓawon gyaɗar ma a tabarmata ya bar min.

Ƙarfe ɗaya saura yanzu. Ban ƙarasa fim ɗin ba, caji ya kusa mutuwa.