Abin da teburin gyara ke koyarwa game da sauya furosesa da madabod na tsohuwar laftof

Tambayar da aka fi kawo wa masu gyara ita ce ko za a iya cire wa laftof furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi) i5 a sa mata i7. Amsar tana cikin harufan da ke bin lambar furosesar. Na Intel masu ƙarewa da U ko HQ an liƙe su da dalma a jikin madabod, babban allon da komai ke haɗe a kansa, ba mai ɗaga su da sukudireba. Masu QM na zubi (generation) na biyu da na uku, wato na 2011 da 2012, galibi a soket (mazaunin da ake iya cire su daga ciki) G2 suke zaune, masu MQ na zubi na huɗu, na 2013, kuma a soket G3. Daga zubi na biyar aka daina yi wa laftof soket. Harafin M shi kaɗai yana yaudara: ThinkPad T420 da X220 duk suna zuwa da i5-2520M, amma na T420 yana fita, na X220 a liƙe yake. Saboda haka a ɗaga ƙarfen sanyaya a gani da ido. In akwai faffaɗan soket mai sukuru guda a gefensa, akwai hanya.

Shigar ƙafafu cikin rami kuwa ba ita ce aiki ba. Zubi na biyu da na uku soket ɗaya suke hawa, amma ka sa na uku a T420, fanka za ta juya, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, domin BIOS ɗinta, manhajar da ke tayar da ita, bai san shi ba. Wanda ya fi wannan ɓata wa mutane rai shi ne cifset (cif ɗin da ke haɗa furosesa da sauran sassa) HM70 da ke cikin laftof masu araha da suka zo da Celeron ko Pentium. Za ta karɓi i3 ko i5, ta tashi lafiya lau, mai ita ya biya ya tafi, bayan minti 30 ta mutu da kanta, kullum a daidai wannan lokacin. Ba zafi ba ne, ba batir ba ne; an ƙulle cifset ɗin ne kada ya ɗauki furosesar da ta wuce ajinsa. Manhajar CPU-Z ko HWiNFO za su nuna maka sunan cifset kafin ka kashe ko sisi. BIOS kuma a sabunta shi tun tsohuwar furosesa na ciki, da cikakken batir da caja a jone, don in wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, sai dai a nemi mai na'urar rubuta cif.

Inda kuɗi ya fi salwanta shi ne wajen zafi. An auna bututun jan ƙarfe da fankar T420 ne a kan furosesa mai wat 35. Yawancin i7 masu kor (ƙananan ƙwaƙwalen cikin furosesa) huɗu na wannan zubin wat 45 ne. Wat 10 kamar ba komai, amma a ɗakin da ba AC a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, lokacin da iskar da fanka ke zuƙa ta haura digiri 40, furosesar kan doshi digiri 100 cikin 'yan mintuna, daga nan ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Ka biya kuɗin doki, kana tafiyar jaki. Akwai ma abin da masu saye ba sa lura da shi: i7-2630QM daga 2.0 GHz take farawa ta tsaya a 2.9, ita kuwa i5-2520M daga 2.5 zuwa 3.2. A aikin da kor ɗaya ke ɗauka, irin buɗe Word ko shafin intanet, i5 ɗin ce a gaba. Mai haɗa bidiyo ne zai ga amfanin kor huɗu, shi ma in sanyaya ta isa. Zaɓin da ya fi hankali shi ne mai kor huɗu da bai ƙara zafi ba: i7-3632QM ko 3612QM masu wat 35 a T430, sai i7-4702MQ ko 4712MQ masu wat 37 a T440p. Sun fi wuyar samu, sun kuma fi tsada, dalilin ke nan.

Caja ma tana da baki a maganar. Mai wat 65 ba ta ƙoshi da furosesa mai kor huɗu, a nemi ta 90. ThinkPad na wannan zamanin, in an cire mata batir aka bar ta kan caja mai wat 65, tana danne furosesa a mafi ƙanƙantar gudunta. Laftof ɗin Dell kuma tana karanta caja ta siririn fil ɗin da ke tsakiyar bakinta. In ya karye ko cajar jabu ce, haka za ta yi ta rarrafe. Tokunbo da yawa da ke hannun mutane batirinsu ya daɗe da mutuwa, sai a ɗora wa furosesa laifin da ba nata ba.

Aikin kansa ba shi da tsawo. A cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15. Da hunturu jiki na tara lantarki saboda bushewar iska, wannan ɗan tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe cif, don haka a riƙa taɓa ƙarfe kafin a taɓa madabod. T440p sukuru biyu ne a ƙasa, murfi ya fita. T420 sai an cire kibod da murfin sama. Sukurorin ƙarfen sanyaya suna da lamba 1 zuwa 4, a bi su wajen ɗaurewa, a juya lissafin wajen kwancewa, kowanne kaɗan-kaɗan, domin furosesar laftof ba ta da murfin ƙarfe kamar ta tebur, gilashinta a tsirara yake, matsi ta gefe ɗaya na fasa shi. Sukurun soket rabin zagaye ake murɗa shi. A daidaita alamar kusurwa uku mai ruwan zinare da ta soket, a saki furosesa ta faɗa da kanta; in sai an danna, an juya ta ba daidai ba. A goge tsohon man zafi da sifirit na isopropyl, a sa sabo kamar ƙwayar shinkafa. Tunda an buɗe, a zare ƙurar da ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen.

Madabod kuwa ba a sayensa da sunan laftof. Da lambar da ke kan sitikar jikinsa ake nema: FRU a Lenovo, DP/N a Dell. T420 ɗaya tana da mai Intel zalla, tana da mai cif ɗin Nvidia NVS 4200M, ƙarfen sanyayarsu kuma daban ne. Tsallakawa zuwa wani zubi ya fi wannan rikici, domin wayar sikirin ɗin T430 LVDS ce, ta T440p eDP, bakin caja ya tashi daga zagaye ya koma mai kusurwa huɗu, RAM kuma ta koma DDR3L mai 1.35V. Kafin ka gama sayen kayan haɗi, kuɗin ya kai na wata laftof ɗin.

Kada ka karɓi madabod na hannu sai an kunna shi a gabanka, ka shiga BIOS, ka sauya wani abu, ka ga ya amince. Da yawa daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, da kalmar sirrin mai kula a kansu. A ThinkPad cire ƙaramin batirin CMOS mai riƙe agogo ba ya goge ta, sai ma ya tayar da ita: agogo ya rikice, ta nuna kuskure 0271, ta ce sai an shiga BIOS, BIOS kuma ya nemi kalmar da ba ka da ita. In ka ga 1802 bayan haɗawa, katin Wi-Fi ɗinka ne ba ya cikin waɗanda BIOS ya yarda da su. Kafin a taɓa tsohon madabod, a dakatar da BitLocker, makullin faifai na Windows, ko a ajiye mabuɗinsa mai lambobi 48, domin cif ɗin TPM da ke buɗe faifan zai tafi da shi, haka ma lasisin Windows.

Duk wannan wahalar ba za ta kai laftof ga Windows 11 ta hanyar da Microsoft ta amince ba, tunda zubi na takwas ake nema da TPM 2.0, Windows 10 kuma an daina tallafa masa a 14 ga Oktoba 2025. Don haka kafin a sayo komai, a buɗe Task Manager lokacin da take jan ƙafa. In faifai ne ya cika ɗari bisa ɗari, furosesa na zaune a 20 cikin ɗari, SSD da RAM mai 8 GB take buƙata. In kuwa an riga an sauya, a bar ta kan Prime95, manhajar da ke matsa wa furosesa aiki, na minti 30 ana kallon HWiNFO. Muddin zafi ya wuce digiri 95 ko gudu ya faɗi ƙasa da na asali, a sake buɗewa a duba zaman ƙarfen sanyaya kafin a miƙa wa mai ita.