Tambayar Randa a Ajin Share Fage

Shekarata ta uku ke nan ina koyar da ajin share fagen shiga firamare a wani ƙauye na ƙasar Ringim. A shekarar farko, yadda aka koyar da ni haka nake koyarwa: in rubuta a allo, in faɗa, yara su maimaita da ƙarfi har a jiyo su daga bakin kasuwa. Idan aji ya ɗauki amo, sai in ɗauka karatu ya zauna.

Wata rana cikin bazara, wata yarinya 'yar shekara biyar ta sha ruwa a randar da muke ajiyewa a gindin darbejiya, ta mayar da moda, ta ce, "Malama, me ya sa ruwan randa yake da sanyi, na jarka kuma kamar an ɗora shi a wuta, alhali a famfo ɗaya aka ɗebo su?" Amsar tana kan harshena, amma sai na tuna abin da muka karanta a kwaleji game da Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, wadda ta dage a kan cewa aikin malami shi ne ya tanadi wuri da kayan aiki ya zuba ido, yaro kuwa ya koya da hannunsa. Na haɗiye amsar, na ce mata, "To, ke me kike gani?"

Nan take aji ya ɓarke da hasashe. Wani ya ce inuwa ce, wata ta ce faifan da ake rufe randar ne. Muka jawo jarkar inuwa muka kifa mata faifai, washegari muka taɓa, har yanzu randa ta fi sanyi. A nan ne wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba ya shafa cikin randar ta waje, ya ce, "Malama, gumi take yi!" Sauran suka durƙusa suka ga yashin ƙarƙashinta a jiƙe, na jarka kuwa a bushe ƙamas. Na sa kowa ya jiƙa bayan hannunsa, ɗan'uwansa ya yi masa fifita, suka ji sanyin a fatarsu. Sai a lokacin na ɗora musu bayanin cewa ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska kuma idan ta busar da shi tana tafiya da zafin.

Bayan kwana biyu muka je wurin wata dattijuwa mai ginin tukwane. Na ce, "Iya, jikokinki ne suka zo da tambaya," ta yi dariya ta gutsura wa kowa yumɓu, ta kuma ƙara mana da cewa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyaya ruwa. Daga wurinta muka samo tukwane biyu, muka saka ƙarama cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wato dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a nan Jigawa, ya yaɗa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tumatirin da muka ajiye a ciki ya daɗe garau bayan wanda muka bari a kwando ya yamutse.

Hanyar tana da wahala, musamman ga mai yara sama da hamsin, domin hayaniya ba ta ƙarewa, kuma tulu guda ya fashe a hannunsu. Wani uba ma ya zo ya ce, "Malama, karatu muka turo su ko wasan ƙasa?" Na nuna masa littafin da nake rubuta maganganun yara kamar yadda malaman makarantun yara na garin Reggio Emilia suke yi a Italiya, da allon da ɗansa ya rubuta randa, ruwa da rana, tare da harafin da ya gano da kansa cewa da shi suka fara. Bai ce ya gamsu ba, amma bai cire yaron ba.

Kuskuren da ya fi damuna nawa ne. Da suka tambayi dalilin da inuwa take gajarta da tsakar rana, gajiya ta sa na faɗa musu kai tsaye, suka ce "to," ba wanda ya sake waiwayar zancen. Yanzu damina ta kankama, sun lura randar ba ta sanyi kamar da, kuma kwana huɗu ke nan ina danne amsar a bakina.