Ranar da muka gama yankan inabi a Chianti, ƙasar Italiya

Asabar, ƙarshen Satumba.

Yau muka yanke layin ƙarshe, alhamdulillahi. Tun gari bai gama wayewa ba muna kan tudu, almakashi a hannu, raɓa ta jiƙa mana wando har gwiwa. Kafin hantsi yatsuna sun rine sun yi ɗanko, ga wata rina da ta laɓe a cikin nonon inabi ta harbe ni a babban yatsa. Da shi nake wannan rubutun, a kumbure.

Da azahar matar maigidan gonar ta shirya dogon tebur a inuwar ɗakin matsa. Sun san ni da abokina ɗan Zangon Kumasi ba ma shan giya, don haka a can ƙarshe aka aje mana ruwa da ruwan inabin da aka matse da safe, bai kwana ba balle ya juya. Zaƙinsa har hawa kai yake.

Su kuwa aka buɗe musu kwalba mai hoton baƙin zakara a wuya. Zakaran shi ne shaidar Chianti Classico, jar giyar tuddan da ke tsakanin Firenze da Siyena. Doka ta ce aƙalla kashi 80 cikin ɗari na inabinta ya zama Sangiovese, wanda muka yi mako uku muna yanka. Dattijon mai gonar ba ya gajiya da faɗin cewa tun 1716 Cosimo na Uku, na gidan Medici, mai mulkin wannan ƙasa a lokacin, ya shata iyakar yankin. Yau ma sai da ya maimaita, yana juya kofi yana shinshinawa kamar mai sayen turare.

Abin da ke cin ransa shi ne na yi wa inabinsa wahala amma ban san me yake zama ba. Sai ya tsinko ƙwaya ɗaya ya miƙo mini, ya ce kar in tsotse ruwan in tofar, in tauna ɓawon da 'ya'yan cikin sosai. Na tauna. Da farko tsami-tsami da ɗan zaƙi, daga baya bakina ya bushe, dasashina ya ɗaure, harshe ya yi kaushi.

Na ce, "Baba, ai wannan bauri ne. Mun san shi."

Na laluba aljihu na ciro goron da na saya a wani shagon 'yan Afirka a Firenze, na ɓara na ba shi rabi. Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya yi shiru. Can sai ya buga tebur ya ce, "Tannino!" Kowa ya kwashe da dariya.

Daga nan bayaninsa ya shige ni. Baurin nan yana fitowa ne daga ɓawo da 'ya'ya, domin ana barin ruwan ya jiƙu da su kwana da kwanaki, wani kuma daga gangar katakon da ake ajiya a ciki. Shi ya sa, in ji shi, giyarsu ba ta son zama ita kaɗai, sai da nama mai kitse. Ya nuna gasasshen naman da ke tsakiyar tebur, na farin sa irin na Chianina, kaurinsa ya kai yatsa uku, cikinsa jajir. Kitsen yana kwantar da baurin, baurin yana wanke maiƙon. Tsamin kuwa da miyar tumatir yake shiri. Matarsa ta ce in aka haɗa ta da kifi sai baki ya yi ƙarni, kar ma a soma. Abokina ya raɗa mini cewa ashe abin da ɗanyar albasa da tumatir ke yi wa tsire ne suke ta yi wa dogon turanci.

Naman dai ban taɓa ba, jininsa ya yi mini yawa. Na ci ribollita, miyar wake da baƙin kabeji da tsohon burodi, kwano biyu. Burodinsu babu gishiri ko kaɗan, har yau ban saba ba. Abin da ya tafi da ni shi ne schiacciata, wani burodi mai faɗi da ake gasawa da baƙin inabi da sukari da man zaitun, sai lokacin girbi ake yin sa. 'Ya'yan inabin na ƙaras-ƙaras a haƙori.

Da za mu tashi dattijon ya ce in dawo ƙarshen Oktoba tsinkar zaitun. Ya kuma karɓi ragowar rabin goron ya naɗe a takarda, wai zai kai wa surukinsa.