Tsohuwar motar Baba da tarin da take yi a hanya

Land Cruiser FJ40 ce ta 1978, injin 2F mai silinda shida, gadon mahaifina. A cikin garin Tawa lafiyarta lau, ko rairayi ba ta tsoro. Amma da na hau kwalta zuwa Abalak, allurar gudu ta wuce kilomita 80 a awa, sai ta kama tari tana fizga. In na ɗaga ƙafa kaɗan, ta dawo daidai.

Na canza buji shida, wato fulogi masu ba injin wuta, na canza wayoyinsu, kuɗi suka tafi, tari na nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wannan mota ita ta kai mu makaranta muna yara.

Wani dattijon makanike ne ya saurare ni, ya ce: "Ɗana, ba wuta ba ce, yunwa ce. In tana tafiya a hankali, ɗan man da ke zuwa ya ishe ta. In ka taka, kabureta, wadda ke haɗa mai da iska, na shanye mai fiye da yadda famfo ke kawowa."

Ya cire matatar mai ya girgiza a tafin hannunsa. Jan gari ya zubo, tsatsar tanki haɗe da ƙura, irin ta man kwalba da nake saye bakin hanya. Ya hura da baki, iska da ƙyar take wucewa.

Muka sauke tanki, muka wanke, muka sa sabuwar matata, ya kuma duba hudar iskar murfin tanki. Ranar Asabar na kai Abalak na dawo, ko sau ɗaya ba ta yi tari ba. Alhamdu lillahi.